Haihuwa Ba Namiji Ba Mace: Daga Ƙwaryar Nono Zuwa Masassarar Damina

Akwai wata Bafillatana da ta daɗe tana kawo nono gidanmu a nan Tawa. Wata rana na ga ta sayar da kayanta tas, amma ta rage ɗan kaɗan a gindin ƙwarya, bai fi cikin ludayi ba. Na ce, "Inna, juye mini wannan mana, ai ba shi da yawa." Ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ce, "A'a ɗana, wannan iri ne. In na ba ka, da me madarar yau za ta yi barci?"

Iri ta ce, kuma ko malamin jami'a aka tambaya ba zai samo kalmar da ta fi wannan ba. Abin da ke cikin ludayin nan masu rai ne, miliyoyi, kowanne jikinsa kacokan ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Da yamma za ta zuba su cikin madara mai ɗumi. Kafin asuba sun cika ƙwarya, sun cinye zaƙin madarar sun mayar da shi tsami, tsamin kuma ya daskarar da ita ta zama kindirmo. To ta yaya cikin ludayi ya cika ƙwarya a dare ɗaya, alhali a cikinsu babu namiji babu mace, babu barbara, babu ƙwai, babu goyo?

Amsar gajera ce. Kowace ƙwaya tana girma, ta rabu gida biyu, biyun su girma su zama huɗu. Amma a cikin wannan gajeriyar amsa ne dalilin da ya sa miya ke lalacewa a watan Afrilu ta kwana lafiya a watan Janairu yake, da dalilin da ya sa masassarar damina ke sakin yaro yau ta dawo jibi, da dalilin da ya sa mai tarin fuka ke shan magani wata shida. Kowace irin ƙwaya da agogonta na rabuwa, kuma yawancin abin da ake yi a madafa da gidan likita, ko dai tura agogon nan ne ko tsayar da shi.

Ɗan Adam ya daɗe yana cin moriyarsu bai taɓa sa su a ido ba. Wanda ya fara ganin su wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, da ke goge ƙananan gilasai da hannunsa. A 1674 ya leƙa ɗigon ruwan tafki ya ga abubuwa na iyo. Daga ina suke fitowa kuwa, sai da malamai suka yi kusan shekara ɗari biyu suna gardama. Da yawa sun ɗauka ruɓa ce ke haifar su, yadda ake zaton tsutsar nama daga naman take. Louis Pasteur ne ya kashe gardamar a Faransa wajen 1860: ya tafasa romo cikin kwalba mai lanƙwasasshen wuya kamar na zalɓe, iska na shiga, ƙura ba ta kaiwa, romo ya ƙi lalacewa har sai da ya karya wuyan. Ƙwaya daga ƙwaya take fitowa. Bakteriyar farko da aka ware ita kaɗai ba gauraye kuwa, wadda Joseph Lister ya ware a Birtaniya a 1878, mai tsamar da madara ce, dangin irin Inna.

Bari mu ɗauki guda mu bi ta sannu. Wadda masana suka fi sani ita ce Escherichia coli, bakteriyar da ke zaune cikin hanjin kowannenmu, mafi yawan ire-irenta ba sa cutarwa. Sai an jera kamar 500 kai da gindi kafin su kai tsawon milimita ɗaya. A cikinta akwai wani dogon zare da bakinsa biyu suka haɗe kamar carbi. Shi ne DNA, ko ADN a bakin waɗanda suka yi lakkwal da Faransanci. Ni kundin gado nake ce masa, domin a jikinsa aka rubuta yadda za a gina ƙwayar da yadda za ta ci ta rayu. Haruffa huɗu kacal ake jujjuyawa a rubutun, amma a E. coli sun kai miliyan 4.6 a jere.

A nan gizo ke saƙa. Kundin nan ba goro ba ne da za a ɓare a ba kowa ɓari, 'yar da ta tashi da rabin kundi gawa ce. Dole kowace ta tafi da cikakke, don haka kafin a rabu sai an kwafa. Hikimar da ke ciki ita ce zaren tufka biyu ne kamar igiyar guga, kuma kowane harafi na wannan tufka yana da abokinsa tabbatacce a waccan. In aka warware igiyar, kowace tufka ta isa a sake gina 'yar uwarta a kanta, don harafin da ke nan shi ke faɗin wanda zai zauna daura da shi. Daga wuri guda sananne a jikin carbin ake fara warwarewa, aiki ya kama dama da hagu lokaci ɗaya, kowane ɓangare na rubuta haruffa wajen dubu a daƙiƙa, har su yi karo a can ɗaya gefen. Minti 40 ke nan ko kusa da haka.

Ana kwafi ƙwayar na ƙara tsawo, kundi biyun na jan jiki, ɗaya ya nufi wannan kai, ɗaya ya nufi wancan. Sai wani furotin da ake kira FtsZ ya taru a ƙugun ƙwayar daga ciki, ya yi zobe kamar zariyar wando. Zoben nan ke nuna inda za a yanka, shi ke kuma tara maginan da za su jawo sabuwar katanga daga gefe zuwa tsakiya. Katanga na haɗewa, ɗaya ta zama biyu. A lura, uwa ba ta haifi 'ya ba, uwar ce ta zama 'ya'ya biyu. Ba gawa, ba mai jego, ba wanda za a je yi wa barka.

Mai lissafi zai tare ni a nan. An san E. coli, in ta samu abinci da ɗumi yadda take so, duk minti 20 take rabuwa. Ya za a rabu a minti 20 alhali kwafin kundi kaɗai na cin 40? Masana ma abin ya ɗaure musu kai, sai a 1968 Cooper da Helmstetter suka warware shi a Amurka. Ashe ƙwayar ba ta jiran kwafin farko ya ƙare kafin ta ɗora na biyu a kansa. 'Yar da aka samu yanzu ta zo da kundin da tuni aka yi nisa da kwafarsa tun a jikin uwarta. Da mutum ce, da sai mu ce an haife ta da ciki.

Ga lissafin. Rabuwa uku a awa ɗaya, guda ta zama takwas. Awa biyu, 64. Awa uku, 512, har yanzu ko a madubin likita sai an nema. A awa bakwai sun haura miliyan biyu, a awa goma sun haura miliyan dubu. Da abin zai tafi haka ba tsayawa, kafin kwana biyu su cika zuriyar ƙwaya ɗaya ta fi duniyar nan nauyi. Shi ninki farkonsa shiru ne, nan yake ruɗin mutum. Rabin duk yawan da aka gani a ƙarshe, a rabuwar ƙarshe aka same shi. Shi ya sa miya kan kai azahar lafiya lau, da la'asar a ɗanɗana a ce ba komai, da magariba a buɗe a tarar ta yi kumfa.

Ba su taɓa cinye duniyar ba kuwa, don abinci na ƙarewa, ƙazantar da suke fitarwa kuma na taruwa ta shaƙe su. A ƙwaryar Inna ana ganin matakan duka. Da farko kamar ba abin da ke faruwa, baƙi na sabawa da sabon gida. Sai tsere ya kama. Sai tsami ya yi yawan da su kansu ba sa iya jurewa, rabuwa ta tsaya. In aka bar nonon kwanaki su fara mutuwa, ya yi tsami ƙwarai ya tsinke ruwa. Tsamin nan ne ke korar yawancin ƙwayoyin da za su ruɓar da madara, shi ya sa nono ya fi ɗanyar madara jure zafin Adar. Yawanci na ce. Ƙwayoyin da ke zuwa daga saniya marar lafiya, irin na bakkale mai sa shanu ɓari, tsami ba ya gamawa da su, sai an tafasa madarar kafin a zuba iri.

Zafi ke tura agogon. Yawancin bakteriyar da ke sa ciwon ciki sun fi sauri tsakanin digiri 30 da 40, wato zafin jikin mutum, wato inuwar ɗakinmu a bazara. Firji rage musu gudu yake yi, ba ya kashe su, kuran na ɗaukewa su ci gaba daga inda suka tsaya. Masu kilishi a Madawa da masu cuku a Abalak wata ƙofar suka bi, suka cire ruwa, domin babu ƙwayar da ke rabuwa a bushe. Amma akwai masu dabarar da ta fi ƙarfin tukunya. Bacillus cereus, wadda ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, in wuya ta yi wuya sai ta naɗe kundinta cikin ƙwanso mai tauri ta kwanta. Wannan ɓuya ce, ba haihuwa ba, guda ta shiga guda za ta fito. Tafasa ba ta kashe ƙwanson. Shinkafar biki da aka dafa da hantsi aka bar ta a rufe cikin ɗumi har dare, a nan ƙwansuna ke farkawa su kama ninki, kuma gubar da suke zubawa ɗumame ba ya karya ta.

Maganin kashe bakteriya ma a kan rabuwar nan aka gina shi. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da ƙanensa amoksisilin da ake ba yara yau, aikinsu ɗaya ne, su riƙe hannun maginan katanga. Ƙwayar na ta kumbura tana shirin rabuwa, katanga ta ƙi ginuwa, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ke wuce su. Sai dai fa mai aiki yake kamawa. Wadda ta kwanta ba ta gini ba ta rabuwa, wucewa yake yi kamar bai gan ta ba.

Nan maganar tarin fuka ta shigo. Ƙwayarsa, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882, ba ta san gaggawa ba. Rabuwa ɗaya kan ci mata awa 15 zuwa 20, wasu kuma su kwanta cikin huhu watanni ba motsi. Farantin da E. coli ke cikawa a dare ɗaya a ɗakin bincike, ita sai an jira ta makonni. Mai tari kan ji sauƙi bayan 'yan makonni da fara magani don masu aiki sun mutu, amma masu barci na nan, sai an zauna ana jiran su suna farkawa ana kashewa. Wata shidan nan ba muguntar likitoci ba ce. Ƙwayar kuturta ma ta fi nawa, kusan mako biyu take yi kafin ta rabu sau ɗaya, shi ya sa mutum kan yi shekaru da ita kafin tabon farko ya fito.

Mura da ƙyanda ba sa cikin wannan lissafi. Abin da ke kawo su, bairos, ba ƙwayar halitta ba ce. Ba ta ci, ba ta girma, ba ta rabuwa, shiga take yi cikin ƙwayoyin jikinmu ta sa su buga mata kwafi. Ba ta da katangar da za a hana ginawa. Wanda ya sayi kafso don mura ya yi asarar dalolinsa, ya kuma yi wata ɓarnar da za mu zo kanta.

Bakteriya ke nan. Akwai wasu masu ƙwaya ɗaya da suka fi ta girma da tsari, irin su yis da amiba. Su kundinsu a cikin wani ɗan ɗaki da ake ce wa cibiya yake a killace, kuma juzu'i-juzu'i ne, kowane juzu'i ana ce masa kuromosom. Yis na da 16, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro 14, mutum 46. In juzu'ai suka yi yawa rabon gado sai da tsari, kar wata ta tafi da biyu iri ɗaya wata ta rasa. Tsarin shi ne maitosis, wanda Walther Flemming ya bayyana a 1882. A kwafi kowane juzu'i a bar shi manne da kwafinsa, duka su ja sahu a tsakiyar ƙwaya, zaruruwa su fito daga kai biyu su kama, kuma ba a ja sai an tabbatar kowane juzu'i an kama shi ta dama da hagu. Da wannan tsari ne miki ke cikewa a jikinmu. Ciwon daji kuwa ƙwaya ce da ta daina jin "tsaya".

Ɗigon ruwan tafkin Tabalak a ƙarƙashin madubi ya isa a ga wasunsu. Amiba miƙewa take yi ta tsinke a tsaka, 'yar uwarta mai zama cikin hanji ita ke kawo wani nau'in atuni. Ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu a tsaye take tsagewa, kamar an faskara itace.

Yis ya fi ba ni sha'awa. Shi toho yake yi. Wani ɗan ƙullutu ya fito a gefen uwa, ya girma, a tura masa kwafin cibiya, ya ɓalle, duk cikin kamar awa ɗaya da rabi in da sukari da ɗumi. Iskar da suke fitarwa suna cin sukarin ita ke tayar da ƙullin fanke da burodi, kuma kowace mai tuya ta san da ɗari ƙulli kan yi nawar tashi. A nan akwai uwa akwai 'ya. Kowane toho na barin tabo a jikin uwa, ana iya ƙirgawa a madubi, in ta yi wajen ashirin da biyar sai ta tsufa ta mutu, 'yar kuwa ta fara lissafinta daga sifiri. Ashe tsufa ma ya girmi masu kai da ƙafa.

Gwanar fannin dai ita ce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, masassarar da muke ce wa palu. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, shi ya fara ganin ta cikin jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gano ta cikin sauro a Indiya a 1897. Wadda ta fi addabar mu a Sahel ita ce Plasmodium falciparum. Ita ba ta tsaya rabuwa bibbiyu ba. Cibiyarta ce ke rabuwa, ta sake, ta sake, duk a jiki guda ba a ja katanga ba. Sai cibiyoyi sun taru sannan a yanka wa kowace rabonta lokaci ɗaya, kamar mahaucin da ya gama fiɗa sannan ya kasa nama tsibi-tsibi.

A wuri biyu take yin haka a jikin mutum. Macen sauro ta yi cizo ta zuba 'yan ƙwayoyi kaɗan, su bi jini su shige hanta. Kowace ta samu ɗaki cikin ƙwayoyin hanta ta rufe ƙofa kamar mako guda, ta fito dubbai, har dubu talatin daga guda ɗaya. Duk makon nan yaro na wasansa, ba zafin jiki ba komai. Daga nan su faɗa jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ta shiga ɗaya ta ci abin da ke ciki, cikin awa 48 ta zama 16 zuwa 32, ƙwayar jinin ta fashe, su watsu su nemi sababbi. Fashewar nan da dattin da take zubarwa cikin jini su ke kawo rawar ɗari da zafi da ciwon kai. In garken ya daidaita suna fashewa tare, sai masassara ta zo yau, gobe yaro ya tashi ya ci tuwo, jibi ta dawo. Ranar sauƙin nan ta yaudari iyaye da yawa. Ranar ce ƙwayoyin ke cikin ɗaki suna ninkawa, waɗanda za su fito gobe sun ninka na jiya sau da yawa. Falciparum ma ba kullum take bin wannan tsari ba, takan kasu garke-garke, zafi ya ƙi sauka sam. Kowace fashewa kuma jini ne ya tafi, shi ne tafin hannun yaro da cikin idonsa ke yin fari.

Wanda ya gane wannan ya gane aikin masu bi gida-gida da damina, suna ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar magani na kwana uku kowane wata, ko da lafiyarsu ƙalau. So ake maganin ya riga ƙwayoyin zama cikin jini, masu fitowa daga hanta su tarar da shi yana jira. Allurar rigakafin da Nijar ta fara yi wa ƙananan yara a 2024 kuwa can baya take tarewa, tsakanin bakin sauro da hanta, tun maharan ba su da yawa. Kuma ƙwayar nan da ke hayayyafa ba aure a jikinmu tana da aure, sai dai a cikin sauro ake ɗaura shi. Wasu daga cikin na jini kan rikiɗe su zama maza da mata, sauro ya tsotse su, su haɗu a cikinsa. Mu ne gona, sauro ne ɗakin amarya.

Ribar haihuwa ba namiji ba mace a fili take. Ba neman abokin zama, ba jira, kowa mai haihuwa ne, ƙwaya ɗaya da ta faɗa wuri mai kyau ta isa ta kafa gari. Asararta ita ce kowa kwafin kowa ne, abin da ya kashe ɗaya ya kashe duka. Da a nan maganar ta tsaya da tuni magani ya share su. Amma kama da wane ba ta wane. Mai kwafi komai ƙwarewarsa yakan yi tuntuɓen alƙalami. A E. coli kuskuren harafi ɗaya kan faru a kamar rabuwa dubu. Kaɗan ne ƙwarai, amma kafin a kai miliyan dubu an yi kuskure wajen miliyan guda. Yawancinsu ba su da amfani, wasu ma illa ne. Jefi-jefi ɗaya kan sauya daidai wurin da magani ke kamawa.

A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück suka nuna kuskuren nan tun kafin haɗari ya zo yake faruwa, ƙwayar ba ganin magani take yi ta koyi dabara ba. A bakin mutane sai ka ji "jikina ya saba da maganin nan". Jiki bai saba da komai ba. Maganin ne ya kashe masu rauni, ya bar wa mai taurin kai fili da abinci, ita kuwa ba ta buƙatar miji, yini guda ya ishe ta ta cika gurbi. Mai yawo da farantin magani a tasha yana sayar da kafso bibbiyu, aikin da yake taya ta ke nan bai sani ba. Manyanmu sun san zamanin da Nivaquine ke sauke masassara. Masu jure ta sun ɓulla a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, sun iso Afirka ta Yamma a shekarun 1980, dole aka bar ta. Shi ya sa yanzu ake haɗa magunguna. A tarin fuka, kamar ɗaya cikin miliyan ce ke jure isoniyazid, ɗaya cikin miliyan ɗari ke jure rifamfisin. Huhu mai ciwo sosai na iya ɗauke da irin waɗannan, amma a samu wadda ta jure duka biyun lokaci guda, lissafin ya fi yawan ƙwayoyin da ke cikin huhun nesa ba kusa ba. Wata biyun farko ma magani huɗu ake haɗawa.

Bayan kuskure kuma akwai aro. A 1946 Joshua Lederberg da Edward Tatum suka gano bakteriya biyu kan haɗa jiki, ɗaya ta miƙa wa ɗaya guntun kundi. Biyu suka haɗu biyu suka rabu, ba a ƙaru da kowa ba, amma ɗaya ta tafi da shafin da ba ta gada ba. Wasu ma tsintar shafukan matattu suke yi su liƙa a nasu. Shafin jure magani na ratsawa haka daga wannan iri zuwa wancan. Ɓarnar kafson mura ke nan: bai taɓa murar ba, amma ya tace bakteriyar hanji ya bar masu jurewa, su kuma su ranta wa baƙon da zai zo gobe.

Mun ga abin da aro ke yi a kan sanƙarau. Bakteriyarsa, Neisseria meningitidis, a madubi bibbiyu ake ganin ta kamar ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna, don bayan rabuwa ba sa saurin sakin juna. Tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, sai rani ya yi, ƙura ta tashi, ta samu hanyar shiga jini. Nau'in A ne ya daɗe yana kawo manyan annoba a zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, har aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ya kusa ɓacewa. A 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 kuma a Kabi, maƙwabtanmu. A 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a Yamai na 'yan kwanaki. Da masana suka karanta kundinsa, sai suka tarar asalinsa wata bakteriyar maƙogwaro ce marar riga, wadda ba ta cika cutarwa ba, ta aro shafukan ɗinka rigar C, rigar da ke ɓoye ta daga dakarun jini. Sauran aikin rabuwa biyu ce ta yi shi, daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro, Sakkwato zuwa Yamai cikin shekara biyu. Sabuwar allurar da Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a 2024 ɗin, riguna biyar ta haɗa: A, C, W, Y da X.